Man Shanu a Cikin Bindigogin Kwargaba

A shekara ta goma sha ɗaya da hawan Sarki Tunau ɗan Gajere gadon sarautar Kwargaba, birnin yana da bindiga ɗari uku cif, kuma babu masarautar da ta tara ko rabin haka tsakanin kogin Maje da duwatsun gabas. Maroƙa sun yi wa bindigogin nan kirari har muryarsu ta dushe. Abin da ba su taɓa sakawa cikin kirari ba shi ne man da ake shafa musu, don maroƙi ba ya son abin da ke da wari. Ni kuwa a kan man nan zan tsaya, domin saboda shi aka kusa sare kan mutumin da ya fi kowa amfani a birnin.

Mutumin shi ne Sarkin Bindiga Nomau, gajeren dattijo mai kaushin hannu, wanda bai iya fadanci ba ko kaɗan. Tun zamanin uban Tunau yake riƙe da ɗakin bindiga, kuma hanyarsa ɗaya ce. Da zarar shamuwa ta sauka a kan rimin ƙofar fada, alamar damina ta matso, sai ya sa a fito da bindigogin a wanke cikinsu da ruwan zafi, a shanya su kwana biyu. Daga nan a kawo man kaɗen da matan birni, ƙarƙashin shugabarsu Magajiya Tabawa, suka dafa sau uku suka tace, har babu sauran ɗigon ruwa a cikinsa, a narka shi da kakin zuma, a zuba a cikin kowace bindiga, a toshe bakinta da itace. Haka za su kwanta har kaka, tun da babu mai fita yaƙi cikin laka. Aibin abin guda biyu ne: man yana da wani wari mai hawa kai, kuma bindigar da aka rufe haka ba ta tashi sai an ɓata rabin yini ana narkar da man da ruwan zafi.

Akwai kuma Kaura Mijinyawa, shugaban mayaƙa. Ba zan rage masa komai ba, jarumi ne na gaske, jikinsa duk tabon mashi. Amma ya daɗe yana jin zafin cewa 'yan bindiga ba a ƙarƙashin tutarsa suke ba, ga shi Allah ya ba shi harshe mai santsi. Ran da shamuwa ta sauka a shekarar nan, fada ta cika, sai ya faɗi ya yi gaisuwa ya nemi izinin magana.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, toron giwa. Jiya na bi ta ɗakin bindiga da baƙin da suka zo daga yamma, sai da suka toshe hanci. Na ji kunya, Zaki. Dokinka da man shanu ake shafa masa kofato. Takobinka yana cikin kube mai ƙamshi. Amma bindigoginka, waɗanda ambatonsu ke hana sarakuna barci, da man kaɗe ake ciyar da su, man da matan ƙauye ke shafa wa faso. Sannan a toshe musu baki wata biyar. In maƙiyi ya zo cikin damina fa? Sai mu ce masa ya dakata a ƙofar gari mu ɗora tukunya?"

Fada ta ɗauki dariya, har Galadima ya rufe baki da hannun riga. Sarki bai yi dariya ba, amma an ga maganar ta shige shi. Ya dubi Nomau. Shamaki, mai isar da maganar Sarki, ya ce, "Sarkin Bindiga, Sarki na sauraronka."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfe ba shi da hanci. Bai san mai daraja ba, bai san na talaka ba. Abin da ya sani ruwa, kuma ruwa ne ajalinsa. Man shanu yana da ruwa a jikinsa, in ya kwana biyu ya yi tsami, tsamin ya ci ƙarfe. Kaura ya san doki, ya san mashi. Wannan kuwa bai sani ba."

Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma Nomau irin mutanen nan ne da in gaskiya ta zo musu baki sai sun ƙarasa ta. Ya ƙara da cewa, "Duk wanda ya zuba man shanu a cikin bindiga, ko wane ne shi, ya kashe mai riƙe da ita."

Kowa a zauren ya ga inda zuciyar Sarki ta riga ta karkata. Tunau ya gyara amawali, ya yi magana da kansa, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Ko wane ne shi, Nomau? To. A ba Kaura bindiga ɗari biyu da mutanensu. Daga madafata za a ba shi man shanu, irin wanda nake ci, ba na kasuwa ba. Ɗari su zauna a hannunka, ka yi musu yadda ka saba. Ranar da aka fara buƙatarsu za a ga wanda ya cuce ni. Wanda ya jawo bindigogina suka ƙi tashi, Hauni zai ɗauke kansa a ƙofar fada."

Hauni kuwa shi ne mai sare kai, kuma yana nan tsaye a bayan dogarai lokacin da aka yi maganar. Dogarai suka amsa da ƙarfi, "Gaba salamun, baya salamun!" Aka tashi.

Cikin mutum ɗari biyun da aka mayar ƙarƙashin Kaura har da Gagare, ƙanen Nomau uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya fi kowa saitin hannu a birnin. Kaura ne ya zaɓe shi da kansa, kuma ba don ƙauna ba.

Aka kwaso ƙore-ƙoren man shanu daga madafar Sarki, soyayye da albasa kamar yadda ake yi wa na tuwonsa. Aka shafe bindigogin Kaura ciki da waje, aka jera su a wani sabon ɗaki kusa da gidansa, bakinsu a buɗe. Gaskiya sun yi kyau. Suna ƙyalli, ɗakin yana ƙamshi kamar gidan biki, har hakimai na kawo baƙinsu kallo. Nomau ya rufe nasa ɗari da kaɗe da kaki, ya ja ƙofa, ya zama abin ba'a a kasuwa.

Ruwa ya sauka, kuma daminar shekarar mai nauyi ce. Bayan kamar kwana arba'in, wata safiya aka ga tururuwa sun yi layi tun daga gindin ganuwa har cikin ɗakin bindigar Kaura, baƙi ƙirin, suna hawa suna shiga bakin bindigogin. Hankalin mutane ya tashi. Aka kira Sarkin Malamai, ya duba, ya ce alama ce ta runduna mai yawa da za ta nufo birnin, a yi sadaka da baƙin sa. Aka yi.

Nomau da ya ji labari bai iya zama ba. Da rana tsaka, kowa na gani, ya ratsa masu gadin ɗakin, ya ɗauki bindigar ƙanensa, ya zura ɗan yatsa a bakinta. Yatsan ya fito ja wur da tsatsa. Ya kai shi bakinsa ya lasa. Ba tsami kaɗai ya ji ba, har da gishiri. Kuyangin madafa, da suka ji an ce a ba da irin wanda Sarki ke ci, sun soya shi yadda Sarki ke so, da gishirinsa. Gishiri kuwa a cikin ƙarfe, a tsakiyar damina, ya fi ruwa ɓarna sau goma.

Bai gama tofar da abin da ya lasa ba barorin Kaura suka yi masa ca, suka fitar da shi suna ingiza ƙeyarsa. Kaura na tsaye a ƙofar gidansa yana kallo. Ya ce, "Ku shaida, jama'a. Da hannunsa ya taɓa, da bakinsa ya tofa."

Nomau ya je fada kwana uku a jere yana roƙon a bar shi ya ga Sarki. Shamaki ya ce Sarki ba ya son a sake tayar masa da zancen mai. A rana ta uku ya tare Gagare a hanyar masallaci, ya kama hannunsa.

"Gagare, in aka buga tambari, ka ce ba ka da lafiya."

"Haba Yaya, ni?"

"To in ka fita, ka ɗauki baka. Kar ka ɗura waccan bindigar. Cikinta ya ruɓe, na gani da idona."

Gagare ya ce, "Yaya, in na ajiye ta sauran ma za su ajiye, Kaura ya ce kai ka zuga mu, a yanka ka tun kafin a ga maƙiyi. Bari dai mu ga abin da Allah zai yi."

Ba a yi mako ba manzo ya iso daga bakin kogi, dokinsa ya mutu a hanya, shi kansa laka har wuya. Ya faɗi gaban Sarki yana haki. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Bagudu Sarkin Dutsin Maje ya ƙetare kogi jiya da jiragen masunta. Ya ji labarin bindigogin Kwargaba suna barci in damina ta yi, ya rantse zai yi sallar Juma'a a masallacinka. Gobe da hantsi yana fadamar Kuka Uku."

Aka buga tambari. Kaura ya miƙe a majalisa fuskarsa na walƙiya, ya ce, "Zaki, Bagudu ya ji tsohon labari. Bindiga ɗari biyu idonsu biyu. Ka ba ni su, in kawo maka rawaninsa kafin azahar." Sarki ya sa masa albarka. Nomau babu wanda ya ko dube shi.

Shi kuwa daga fada bai zarce ko'ina ba sai gidan Magajiya Tabawa, shugabar matan birni, tsohuwar da ta shekara talatin tana tace masa mai. Ya ce, "Magajiya, tukwane nake so, duk wanda ke garin nan, da itace busasshe, a ƙofar yamma, tun da asuba."

Ta ce, "Sarkin Bindiga, busasshen itace a watan nan? Sai dai mu cire ƙyauren ɗakunanmu."

"To ku cire."

Suka cire kuwa. Gari na wayewa, yayin da Kaura ke fita da rundunarsa ana busa ƙaho, mata sun jera murhu arba'in a gindin ganuwa. Ana zare toshiyar bindiga, ana ɗura mata tafasasshen ruwa, kaɗe da kaki su narke su zubo, a bi da tsumma a kan sanda har sai ya fito fari, a gasa ta kaɗan a gefen wuta ta bushe. Masu wucewa na yi musu tsiya, wai ko tuwon Bagudu ake tuƙawa. Nomau bai kula kowa ba. Kowace bindiga sai ya ɗaga ta sama ya leƙa cikinta da ido ɗaya, kuma kowace ya leƙa sai ya ganta fes kamar ran da aka saye ta.

A fadamar Kuka Uku kuwa, Kaura ya jera 'yan bindigarsa a gaba, ya bar mutanen Bagudu suka matso har ana ganin fararen idanunsu, sannan ya ɗaga takobi. Aka ja kunama ɗari biyu. Abin da aka ji bai fi tashin bindiga talatin ba. Sauran, ƙanƙarar bindiga ta buga, wuta ta yi tartsatsi, amma 'yar kafar da wuta ke bi ta kai ga albarushi tsatsa ta toshe ta. Waɗanda suka tashi ma, goma sha ɗaya a hannun masu su suka fashe. Ta Gagare na ciki.

Mutanen Bagudu suka tsaya cak na ɗan lokaci, don su ma ba su gaskata abin da suka gani ba. Sannan suka yi kururuwa suka afka. Ɗan bindigar da bindigarsa ta ƙi tashi ba shi da komai a hannu sai sanda mai nauyi. Aka yi musu kisan da har yau ba a noma wannan gefen fadamar. Kaura ya yi faɗa bakin rai bakin fama, an kashe doki biyu a ƙarƙashinsa, amma kafin rana ta take tsaka rundunar Kwargaba ta juyo da gudu, maƙiyi na bin sawunta.

A lokacin bindiga tamanin da huɗu ne suka gama bushewa. Nomau ya hau da mutanensa kan ganuwa, ya raba su kashi biyu, waɗansu na harbi waɗansu na ɗuri. Ya bari sai da na ƙarshen mutanen gari ya shige, dawakin Bagudu suka cunkushe a kan siririyar hanyar da ta ratsa ramin ganuwa, ruwa dama ruwa hagu. Sannan ya ce, "Bismillahi." Bindiga arba'in da biyu suka tashi kamar bindiga ɗaya, ba wadda ta yi gardama. Kafin hayaƙi ya washe, na biyu suka biyo. Mata na miƙo sauran goma sha shida daga ƙasa da zafinsu, suna guɗa. A harbi na biyar aka ga laimar Bagudu ta karkata ta faɗa ruwa, mutanensa suka ɗauke shi da harsashi a cinya, suka watse. Birni ya tsira.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kan Nomau ya tsira tare da birnin. Da la'asar aka kira majalisa, gawawwaki na jere a ƙofar fada ba a ko rufe su ba, Hauni ya zo da takobinsa tsirara. Kaura ya shigo da jini a riga, ya faɗi gaban Sarki, yana hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne.

Ya ce, "Zaki, mutum ɗari da sittin na bari a fadama. Bindigogin nan lafiyarsu lau har ran da Nomau ya kutsa ɗakin da rana tsaka, ya zura musu hannu, ya yi tofi. Mutum ashirin sun gani. Ya lalata nawa don nasa su yi suna, ko da ƙanensa zai mutu a ciki."

Aka kira shaidu, suka ce sun gani, kuma ba ƙarya suka yi ba. Galadima ya ce abin da kamar wuya a ce mai kawai ya yi wannan ɓarna. Sarkin Malamai ya ce sammu ba ƙarya ba ne. Dogarai biyu suka matso suka tsaya a bayan Nomau.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, bindiga ɗaya na taɓa. A ɗauko kowace cikin sauran, wadda Kaura ya zaɓa da kansa, Sarkin Maƙera ya tsaga ta a nan."

Aka yi haka. Da ƙarfen ya rabe biyu, aka ga cikinsa ya yi ramuka kamar itacen da gara ta ci, ga wata jar tsatsa ta daskare a ciki. Nomau ya ɗauki ɓari ɗaya da hannu biyu, ya ja gwiwa har gaban shimfiɗar Sarki, inda ba a yarda kowa ya kai ba. Ya ce, "Ka lasa, Zaki."

Shamaki ya daka masa tsawa. Sarki ya ɗaga hannu, ya dangwali tsatsar da yatsa, ya kai ƙarƙashin amawali. Sannan ya ce, "Gishiri."

"Shi ne, ranka ya daɗe. Shi ya cinye su."

"Wa ya sa gishiri a cikin bindigogina?"

Babu wanda ke zauren da bai san amsar ba, kuma babu wanda ya ɗaga kai. Galadima ya tsura wa tabarma ido. Kaura ma, da ya gane inda maganar ta nufa, sai ya kawar da kai. Nomau na iya cewa kuyangi ne, a kama tsofaffin mata biyu a kashe, kowa ya huta. Na tabbata abin ya zo masa a rai. Amma gawar Gagare tana waje, babu hannun dama a jikinta.

Ya ce, "Daga madafarka ya fito, Zaki. Kai ka ce a ba da irin wanda kake ci, aka ba da. Na zo kwana uku in gaya maka, aka ce ba ka son zancen."

Wani dattijo a bayan zaure ya yi salati a hankali. Hauni ya gyara riƙon takobi, yana jiran a yi masa nuni da ido kawai. Sarki Tunau ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙofar da gawawwakin ke bayanta, ya daɗe yana kallon Nomau, kallon da babu ƙauna a cikinsa ko kaɗan.

Daga bisani ya ce, "Hauni, mayar da takobinka. Jinin yau ya isa." Ya juya ga Kaura. "Mijinyawa, ka ba ni shawara a kan abin da ba ka sani ba. Ajiye rawanin nan, ka bar birnin kafin rana ta faɗi." Dogarai suka warware masa rawani a gaban jama'a, ya fita kai ba hula.

Sannan Sarki ya ce, "Nomau, duk bindigar da ta saura a Kwargaba taka ce, kai da zuriyarka, ka shafa musu abin da ka ga dama. Amma daga yau, in kana da magana ka aiko. Kada in sake ganin fuskarka a zauren nan."

Fadawa suka rasa ko su yi masa barka ko su yi masa jaje, sai suka buɗe masa hanya kawai. Nomau ya faɗi ya yi godiya kamar yadda aka saba, ya fita da kansa a wuyansa. Tunau ya ƙara shekara takwas a kan gado, bindigoginsa ba su sake ƙin tashi ba ko sau ɗaya, kuma har ya mutu bai ƙara ambaton sunan Nomau ba. Shi kuwa dattijon, a ranar nan, bai tsaya sauraron maroƙan da suka fara yi masa kirari a ƙofar fada ba. Ya bi layin gawawwakin yana ɗaga mayafi ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan ƙanensa, ya tsuguna, ya ce a kawo masa ruwa.